Biyafara: Ƙasar da Aka Ci a Shekarar Farko, Ta Ƙi Faɗuwa Sai a Ta Uku

Ranar 19 ga Mayu 1968 sojojin tarayya suka shiga Fatakwal. Duk wanda ya iya duba taswira ya san cewa daga wannan rana an gama da Biyafara, ƙasar da Gabashin Najeriya ya ɓalle ya kafa. Inugu, babban birninta, ta tafi tun Oktoban 1967. Kalaba ta tafi, Bonny ta tafi, Anacha ta tafi. Ba ta da tashar jirgin ruwa ko ɗaya, ba ta da babban filin jirgin sama, matatar mai ta kuɓuce mata, iyakarta da Kamaru kuma an toshe. Ta zama tsibiri a tsakiyar tudu, abokan gaba gabas da yamma, kudu da arewa. Amma ba ta miƙa wuya ba sai a Janairun 1970, wato bayan wata 20 cur. Mafi yawan waɗanda suka mutu a yaƙin basasar Najeriya a cikin waɗannan watanni 20 suka mutu, kuma yawancinsu ba harsashi ne ya kashe su ba.

Abin da ya riƙe ta bayan ƙarfin soja ya ƙare shi ne abin tambaya, kuma amsar tana farawa ne daga nan Arewa, ko muna so ko ba ma so.

Mu a nan, idan aka ce 1966, abin da ke faɗo mana a rai shi ne daren 15 ga Janairu: Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam. Sai kuma Janar Ironsi da ya karɓi mulki bai hukunta su Manjo Nzeogwu da suka yi juyin mulkin ba, ya zo a watan Mayu ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe ma'aikata wuri guda. Wannan duk gaskiya ne, kuma ciwo ne na gaske. Amma idan ka ce wa mutumin Gabas 1966, abin da zai tuna daban ne: tarzomar "a raba" ta ƙarshen Mayu, juyin mulkin 29 ga Yuli da aka kashe Ironsi da hafsoshin Ibo masu yawa, sai kashe-kashen Satumba da Oktoba a garuruwan Arewa, har da abin da ya faru a filin jirgin saman Kano da tashar jirgin ƙasa. Dubban mutane aka kashe, fiye da miliyan ɗaya suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka suka koma Gabas. Da wuya a sami gida a ƙasar Ibo da bai karɓi wani da ya dawo da rauni ko da labarin gawa ba. Wannan tsoro shi ne jarin Biyafara na farko, kuma shi ne wanda bai ƙare mata ba har ranar ƙarshe.

Wani abin mamaki shi ne mutumin da ya jagoranci ɓallewar ba baƙo ba ne a wurinmu. A Zungeru aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a 1933. Ɗan babban attajiri ne, ya yi karatun tarihi a Oxford, kuma ranar juyin mulkin Janairu shi ne kwamandan bataliya ta 5 a Kano, inda ya ƙi ba Nzeogwu haɗin kai. Akwai abota tsakaninsa da Sarkin Kano Ado Bayero, har ya naɗa shi uban Jami'ar Nsukka bayan ya zama gwamnan Gabas. Rigimarsa da Yakubu Gowon tun farko har da batun girma a gidan soja: a ganinsa Birgediya Ogundipe ne ya kamata ya gaji Ironsi, ba tsaransa Gowon ba. A taron Aburi na ƙasar Gana, ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, Ojukwu kaɗai ya je da shiri da takardu, sauran sun je ne kamar zaman sulhun 'yan'uwa. Ya dawo da yarjejeniyar da ta kusa mayar da Najeriya tarayyar sako-sako, kowane yanki da ikonsa. Da manyan sakatarori a Legas suka karanta abin da aka sa wa hannu, suka ce wannan ai rabuwa ce da wani suna. Daga nan kowa ya riƙe tasa fassarar.

Ni a ganina, babban bugun da Biyafara ta sha ba a fagen daga ta sha shi ba, kuma ta sha shi ne kwana uku kafin a haife ta. Ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12. Jihar Gabas ya yanka ta uku: Gabas ta Tsakiya ta Ibo, sai Ribas, sai Kudu maso Gabas. Da Ojukwu ya tsaya a Inugu ranar 30 ga Mayu ya yi shelar Jamhuriyar Biyafara, ya yi ta ne da sunan dukan tsohuwar Jihar Gabas mai mutum sama da miliyan 12. To amma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan mutane ba Ibo ba ne. Akwai Ijaw, Ibibio, Efik, Ogoni, Annang, da mutanen Ogoja, waɗanda tun zamanin Turawa suke kukan a ba su jiharsu don su fita daga ƙarƙashin rinjayen Ibo. Su kuma ƙasarsu ce ke da bakin teku, ke da tashoshin jiragen ruwa, ke da mafi yawan rijiyoyin mai. Gowon ya miƙa musu abin da suka shekara goma suna nema, Ojukwu kuwa abin da ya miƙa musu shi ne yaƙi. Ba dukansu suka juya wa Biyafara baya ba. Mataimakin Ojukwu, Philip Effiong, mutumin Ibibio ne, haka ma sakataren gwamnatinsa N. U. Akpan. Amma Isaac Adaka Boro, wanda ya taɓa ɗaukar makami don neman 'yancin Neja Delta, ɓangaren tarayya ya shiga da yaransa da suka san kowane lungu na fadamun ruwa, kuma a nan ya mutu a 1968. Shi ya sa sojojin tarayya ƙarƙashin Benjamin Adekunle suka riƙa cin bakin teku da sauri haka. Ba ƙasar abokan gaba zalla suke ratsawa ba.

An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 ta wajen Gakem, kusa da Ogoja. Legas ta kira abin aikin 'yan sanda, wai makonni kaɗan za a gama. Runduna ta ɗaya ƙarƙashin Kanar Muhammadu Shuwa ta sauko daga arewa, ta ci Ogoja da Nsukka cikin mako biyu. A wajen Nsukka ɗin ne aka kashe Nzeogwu, kuma sojojin tarayya suka ɗauko gawarsa suka binne a Kaduna da girmamawar soja, abin da har yau wasu ba su gane dalilinsa ba. Kafin watan ya fita an kame Bonny ta ruwa, inda ake lodin ɗanyen mai.

Sai Ojukwu ya yi cacar da ta fi kowace girma a yaƙin. Ranar 9 ga Agusta dakarunsa suka haye gadar Neja daga Anacha suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya kusan ba tare da harbi ba, domin hafsoshin Ibo na jihar sun buɗe musu ƙofa. Gwamna David Ejoor ya sulale. Kwamandan harin Bayerabe ne, Victor Banjo, kuma an zaɓe shi ne da fatan idan ya isa ƙasar Yarbawa za su tashi su bi shi, a bar Arewa ita kaɗai. Da sun zarce a ranar, Allah kaɗai ya san abin da zai faru da Legas, don babu wata rundunar kirki a gabansu. Amma Banjo ya tsaya a Binin kwana da kwanaki ana jayayya tsakaninsa da Inugu kan wanda za a naɗa ya riƙe jihar. Kafin su kai Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas, wankin hula ya kai su dare. An harhaɗa Runduna ta biyu cikin gaggawa aka damƙa wa Murtala Muhammad, ya koro su har ya karɓe Binin ranar 20 ga Satumba, kwana ɗaya tak bayan an yi shelar wata "Jamhuriyar Binin" da ba ta ko kwana biyu a duniya ba.

Asarar wannan hari ta wuce ta ƙasa da makamai. Yarbawa da ke kallo daga gefe suka shigo yaƙin da gaske, mutanen Yamma ta Tsakiya da ba Ibo ba suka ɗanɗana mulkin mamaya suka ƙi shi, Legas kuma ta daina maganar aikin 'yan sanda ta ce yaƙi ne gadan-gadan. A cikin gida kuwa sai aka shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. A ƙarshen Satumba aka ɗaure Banjo da Emmanuel Ifeajuna da Philip Alale da Sam Agbam aka harbe a Inugu bisa zargin cin amanar ƙasa. Bayan 'yan kwanaki, ranar 4 ga Oktoba, Inugun kanta ta faɗi.

Daga nan wata kalma ta shiga bakin mutanen Biyafara, wato "sabo". Ba sabo namu na Hausa ba, gutsuren kalmar Turanci ce mai nufin ɗan zagon ƙasa, kodayake da saɓo ta fi kama, don wanda aka liƙa wa ita ya shiga uku. Tunda rediyo kullum cewa take ana cin nasara, duk garin da ya faɗi dole wani ne ya sayar da shi. Hafsan da ya ja da baya don ya tsirar da yaransa sabo ne. Ƙauyen Ibibio ko Ijaw da sojan tarayya ya matso kusa da shi, sabo ne, a kwashe mutanensa a tsare. Kwamandan soja na farko, Hilary Njoku, a tsare ya ƙare yaƙin. Ojukwu bai yarda da manyan hafsoshinsa ba, don haka ya riƙa kafa rundunoni na musamman da ke karɓar umarni daga wurinsa kai tsaye, suna tsallake Alexander Madiebo da ke riƙe da rundunar. Ƙasar da aka kafa don kare mutane daga zalunci sai ga ta tana yi wa ƙananan ƙabilunta irin kallon da take zargin Najeriya na yi mata.

Amma ita ma tarayya ta riƙa zuba wa wutar tsoron nan fetur da hannunta. A farkon Oktoba 1967, da dakarun Runduna ta biyu suka shiga Asaba, an tara maza da samari ɗaruruwa, waɗanda suka fito cikin fararen kaya suna nuna goyon bayan Najeriya ɗaya, aka buɗe musu wuta. Jiragen yaƙi samfurin MiG da Ilyushin ƙirar Tarayyar Sobiyet, waɗanda matuƙa 'yan Masar suka riƙa tuƙa wasunsu, sun sha jefa bom a kasuwanni da asibitoci. Gowon ya fitar da ƙa'idojin ɗa'a ga sojoji, kuma tawagar masu sa ido ta ƙasashen waje da ta zo a 1968 ta ce ba ta ga shirin ƙare dangi ba. To amma wa zai gaya wa matar da ta gudo daga Kano a 1966, ta ji labarin Asaba a 1967, bom ya faɗa kasuwarsu a 1968, cewa ta kwantar da hankalinta? Masu farfagandar Biyafara ba su sha wahala ba. Saƙonsu ɗaya ne: in kun ajiye makami, yanka ku za a yi. Mutumin da ya yarda da haka ba ya lissafin taswira.

A fagen daga an yi abubuwan da dole a jinjina musu. Sau uku Murtala ya yi yunƙurin haye Neja ta ruwa daga Asaba zuwa Anacha, duk ukun aka yi masa mummunar ɓarna, sai da ya zagaya ta arewa ya ci garin a Maris 1968. A ƙarshen wannan watan ne aka yi ta Abagana. Jerin gwanon motoci kusan 100 na Runduna ta biyu, ɗauke da harsasai da abinci da mai, suna tafe a kan siririyar hanya, gaba da baya a matse. 'Yan Biyafara na kwance a daji. Harbi ya sami tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya, harsasan da ke ciki suka riƙa tashi da kansu. Irin wannan ɓarna ba tankokin yaƙi suka yi ta ba. Biyafara ta tara malaman kimiyya da injiniyoyinta, yawancinsu daga Jami'ar Nsukka, a wata hukumar bincike da ƙere-ƙere. Su suka ƙera nakiyar nan da ake kira ogbunigwe, wato mai kisan taro, wadda sau da yawa ba ta wuce bokitin ƙarfe cike da albarushi da gutsattsarin ƙarafa da duwatsu ba. Sun tace mai a cikin daji da tukwane da bututu, sun lulluɓe manyan motoci da faranti na ƙarfe sun mai da su motocin sulke. Duk da haka sojansu kan tafi bakin daga da harsasai 'yan ƙalilan a aljihu, yayin da rundunar tarayya ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000, Birtaniya na ba ta makamai ta nan, Sobiyet ta can.

A Janairun 1968 Legas ta canza takardun kuɗin ƙasar, lokacin Cif Obafemi Awolowo na riƙe da ma'aikatar kuɗi. Cikin dare ɗaya tulin fam ɗin Najeriya da Biyafara ta dogara da shi wajen sayen makamai ya zama takarda. Sai ga Fatakwal ta tafi, miliyoyin mutane suka cushe a ɗan yankin da ba ya iya ciyar da kansa ko a lokacin zaman lafiya. Yankin ya saba samun shanu da wake daga Arewa, busasshen kifi daga Norway, gishiri daga bakin teku. Duk suka yanke. Yara suka fara kumburin ciki da ƙafa, gashi ya yi ja, ciwon da ake kira kwashiyoko. Mata suka riƙa ratsa bakin daga cikin dare suna sayo gishiri a ɓangaren tarayya, kasuwancin da suka sa wa suna "afia attack".

A nan yaƙin ya canza kama. Gwamnatin Biyafara ta ɗauki wani kamfanin tallata labarai a Geneva mai suna Markpress, kuma daga tsakiyar 1968 hotunan yaran nan suka cika jaridu da talabijin na Turai da Amurka. An kuma shafa wa labarin launin addini, wai Musulmin Arewa ne ke murƙushe Kiristoci, alhali Gowon ɗan mai wa'azin Kirista ne, Adekunle da Obasanjo da Danjuma ma Kiristoci ne, haka ɗimbin sojojin da suka fito daga Binuwai da Filato. Amma labarin ya shiga, coci-coci suka tashi.

Duk wannan agaji ta ƙofa ɗaya yake shiga, wato Uli. Ba filin jirgi ba ne na asali, wani miƙaƙƙen yanki ne na titin mota tsakanin Anacha da Owerri da aka faɗaɗa. Da rana a lulluɓe shi da ganyen kwakwar manja, da dare ya zama ɗaya daga cikin filayen jirgi mafi cunkoso a Afirka. Jirage na tasowa daga tsibirin Sao Tome, da Fernando Po, da Kwatano, da Libreville. Matuƙi zai zo cikin duhu ba fitila, jirgin tarayya na shawagi a sama yana jira, sai ya kusa taɓa ƙasa a kunna masa fitilun titin na 'yan daƙiƙoƙi, a kashe. A sauke buhunan kifi da madarar gari a guje, a tura shi ya tashi kafin na bayansa ya iso. Haɗakar coci-coci kaɗai ta yi sawu sama da 5,000, ta shigar da kaya kimanin tan 60,000. Matuƙa da dama sun bar ransu a wurin.

Sai dai a cikin wannan duhu, tsakanin jirgin madara da jirgin madara, jirgin makamai ke saukowa. Shi ya sa Ojukwu ya ƙi yarda a kawo abinci ta ƙasa, ya ce za a sa guba ko a bi hanyar da soja, ya kuma yi ta jan ƙafa kan jigilar rana. Shi ya sa ita ma Legas ta ƙi yarda da jigilar dare, har jirginta ya harbo na Red Cross a Yunin 1969. Kuɗin waje da ƙungiyoyin agaji ke kashewa a cikin yankin ma asusun gwamnati suke ƙarewa. Agajin ya ceci rayuka masu yawa, wannan ba a musu. Ya kuma tsawaita yaƙin da ke cin rayukan. Kowane ɓangare ya san yunwar makami ce, ɗaya yana matsawa da ita, ɗaya yana nuna ta ga duniya, kuma ban ga yadda za a wanke ɗayansu tas ba.

Ta fuskar diflomasiyya ribar ba ta kai hayaniyar ba. Ƙasashe biyar kacal suka amince da Biyafara: Tanzaniya, Gabon, Kwaddibuwa da Zambiya a 1968, sai Haiti a 1969. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsaya kan cewa ba a taɓa iyakokin da aka gada, don kowane shugaba na da tasa Biyafarar a gida. An zauna a Kampala, an zauna a Yamai a Yulin 1968 inda Shugaba Diori Hamani ya karɓi Gowon da Ojukwu kowa da ranarsa, an zauna a Adis Ababa, duk ba a tsinana komai ba, don ɗaya na cewa ƙasa ɗaya tukuna, ɗaya na cewa 'yanci tukuna. Faransa ta Janar de Gaulle, mai son ganin an rage wa Najeriya ƙiba a tsakiyar ƙasashen da ta rena, ta riƙa turo makamai ta Gabon da Kwaddibuwa, amma ba ta taɓa amincewa da Biyafara a hukumance ba. Ta ba ta abin da zai hana ta mutuwa, ba abin da zai sa ta yi nasara ba.

Da waɗannan makamai ne Biyafara ta yi numfashinta na ƙarshe. A Afrilun 1969 ta ƙwato Owerri bayan ta yi wa sojojin tarayya ƙawanya na watanni, a daidai makon da ta rasa Umuahia, hedikwatarta ta biyu. Wani Basuwide, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jiragen koyon tuƙi ya ɗaura musu rokoki ya riƙa kai hari filayen jiragen tarayya. Amma a watan Mayu dakarun Biyafara suka kashe ma'aikatan mai 'yan ƙasashen waje a Kwale, yawancinsu 'yan Italiya, suka yanke wa waɗanda suka kama hukuncin kisa, sai da Fafaroma ya sa baki aka sake su. Tausayin Turai ya fara sanyi. Ranar 1 ga Yuni Ojukwu ya karanta Sanarwar Ahiara, doguwar huɗuba mai ƙamshin gurguzu da ke sukar cin hanci da son kai a cikin Biyafara kanta, abin da ya nuna ɓarakar ta kai inda ba a iya ɓoyewa. A watan Agusta Nnamdi Azikiwe, wanda ya yi mata yawon neman goyon baya a ƙasashen Afirka, ya sauka a Legas ya ce a dawo a zauna tare. A lokacin ana kama yara matasa a hanya ana tura su daga, soja kuma na ƙwace abincin talakawan da ya ce yana karewa.

Da Olusegun Obasanjo, wanda ya karɓi Runduna ta uku daga Adekunle, ya kutsa a ƙarshen Disamba, ba a sami wata turjiya ta kirki ba. Sojojin Biyafara sun watse cikin daji neman abin da za su ci. Owerri ta faɗi, Ojukwu ya hau jirgi a Uli cikin dare ya nufi Kwaddibuwa, inda ya zauna har Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1982. Effiong ne ya yi jawabin ajiye makami ranar 12 ga Janairu 1970, ya kuma miƙa wuya ga Gowon a barikin Dodan ranar 15 ga wata, shekara huɗu daidai da daren da aka kashe Sardauna. Kisan ƙare dangin da aka shekara biyu da rabi ana jira bai zo ba. Gowon ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ba a kafa kotun yanke wa kowa hukuncin kisa ba. Waɗanda suka mutu kuwa, ƙiyasi ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu, yawancinsu yara.

Bayan yaƙi, wanda ya ajiye kuɗinsa a banki kuma ya yi hulɗa da asusun da kuɗin Biyafara, fam 20 aka ba shi komai yawansu. Da 'yan kasuwar Ibo suka fara komawa garuruwan da suka baro, da yawa daga waɗanda suka dawo Kano da Kaduna da Jos sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. A Fatakwal kuwa, birnin da ya kasance cikin Biyafara, gwamnatin sabuwar Jihar Ribas ta kira gidajen Ibo dukiyar da aka yasar, kuma da yawansu ba su koma hannun masu su ba.